Amsoshin Tambayoyinku: Wasan Hawan Duwatsu Da Babur Da Maganar Hular Kwano

A wannan fili muke kawo muku amsoshin takardunku a rubuce, domin wanda ya tafi gona ko kasuwa bai samu jin shirin a akwatin rediyo ba, ya karanta ko a karanta masa.

TAMBAYA

Takardar wannan mako ta fito daga unguwar Gyallesu, Tudun Wadan Zariya, daga hannun wani mai sayen hatsi a kasuwannin ƙauye, wanda ya ce a sakaya sunansa. Ya ce ɗansa ya nuna masa a waya wasu Turawa suna hawan duwatsu da babura, kowannensu da hular kwano da dogon takalmi, har da wata igiya ɗaure a hannu. Yana so ya ji wane irin wasa ne wannan, kuma kayan nan doka ce ko ado. Sannan ya ce shi da ke zirga-zirga da babur zuwa Giwa da Makarfi da Soba, ba ya kuma gudu, lalle ne sai ya sa hular kwano? Daga ƙarshe ya ce a gaya masa gaskiyar maganar da ake yi cewa hular na kawo cuta.

AMSA

To Malam, mun gode da wannan tambaya. Tambaya uku ce a cikin takarda guda, sai mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Wasan da ka gani Turawa na kiransa tirayal, wato gwaji. Asalinsa daga ƙasar Birtaniya ne, a farkon zamanin babur, lokacin da masu ƙera babura ke son nuna wa jama'a cewa nasu ya fi jure mummunar hanya. Hanyoyinsu na wancan zamani kuwa ba su fi namu na ƙauye da damina kyau ba. Akwai wata babbar gasa ta kwana shida da ake yi a duwatsun Sikotlan, wadda aka fara tun 1909. Gasar cin kofin duniya kuma an fara ta a 1975, a ƙarƙashin ƙungiyar wasannin babur ta duniya da ake kira FIM. Wani ɗan ƙasar Sifen mai suna Toni Bou shi ne gwanin gwanaye, don daga 2007 zuwa 2024 babu shekarar da wani ya ƙwace masa kambun.

Abin da zai ba ka mamaki shi ne, wannan wasa ba tsere ba ne. Ba wanda ya riga isa ne ya ci ba. Ana keɓe wani wuri mai wuyar bi, kamar ka ce gindin Dutsen Kufena, ko cikin kwazazzabo, ko kan gungumen ice, a ce mutum ya bi ya wuce ba tare da ya sa ƙafa a ƙasa ba. Akwai alƙali a tsaye yana kallo. In ka dire ƙafa sau ɗaya a rubuta maka laifi 1, sau biyu 2, sau uku ko fiye 3. In ka faɗi ko ka fita daga iyaka a rubuta maka 5. Wanda laifinsa ya fi kaɗan shi ya ci. Baburan nasu ba su da wurin zama, a tsaye ake tuƙa su, nauyinsu kuma bai wuce kilo 70 da 'yan kai ba. Sau da yawa tafiyar da suke yi ba ta fi ta mai tafiya a ƙasa sauri ba.

DOKA CE, BA ADO BA

Kayan da ka gani a jikinsu doka ce. Kafin a fara gasa akwai masu duba babur da kayan mahayi, wanda bai cika sharaɗi ba ba zai shiga fili ba, ko da shi ne zakaran bara. Ga manyan sharuɗɗan:

Na ɗaya, hular kwano wadda aka gwada aka amince da ita, kuma a ɗaure igiyarta a ƙarƙashin haɓa. Na biyu, dogon takalmi mai ƙwari da ke rufe idon sawu da ƙwauri. Na uku, safar hannu da dogon wando. Na huɗu, a manyan gasa ana sa wata garkuwa a gadon baya a ƙarƙashin riga domin kare ƙashin baya.

Shi ma babur akwai nasa. Igiyar nan da ka gani a wuyan hannu tana haɗe ne da makashin inji. Da zarar mahayi ya faɗi, igiyar ta fizge, sai inji ya mutu nan take, don kada babur ya ci gaba da juyi ya bi ta kan mai shi ko 'yan kallo. Bakin hannun birki da na kuloci dole ya zama mai dunƙule, ba mai tsini ba, don kada ya soki mutum in an faɗi. Sannan dole a rufe haƙoran da sarƙa ke bi a ƙafar baya, saboda kada yatsa ya shiga.

To Malam, ka tsaya ka yi tunani a nan. Mutanen nan gwanaye ne, tun suna yara suke koyo. A inda suke wasa babu tirela, babu tankar mai, babu akuya mai tsallaka titi, babu rami da ruwan sama ya rufe. Ga likita a kusa. Ga shi kuma ba gudu suke yi ba. Duk da haka ba a yarda ɗayansu ya hau babur da kai a buɗe ba. To ina ga wanda ya ɗauko buhu biyu na masara daga Giwa, zai ratsa Shika da Samaru da Kwangila da almuru, manyan motoci na wucewa ta gefensa?

ME KE FARUWA IDAN KAI YA BUGU?

Ka ɗauki misalin kindirmo a cikin ƙwarya. In ka buga ƙwaryar da ƙasa, ko ba ta fashe ba, kindirmon ciki ya girgiza ya tsinke. Haka ƙwaƙwalwa take a cikin ƙoƙon kai. Abu ce mai taushi, tana cikin ruwa. Idan kai ya tsaya farat ɗaya a kan kwalta, ita ƙwaƙwalwa ba ta tsaya ba, sai ta je ta bugi ƙashi daga ciki. Jijiyoyin jini su tsinke, jini ya taru, ga shi ƙoƙon kai ba ya buɗewa ya ba da wuri. Karayar ƙafa ana ɗora ta ta haɗe. Ƙwaƙwalwa kuwa in ta lalace, ba kasafai take komawa yadda take ba. Wani ya rasu, wani ya rayu amma baki ya karkace, ko gefe guda ya shanye, ko farfaɗiya ta same shi, ko hankali ya taɓu.

Game da cewa ba ka gudu, ga lissafi. Wanda ke tafiyar kilomita 30 a awa, in ya yi karo da abin da ba ya motsi, daidai yake da wanda ya faɗa busasshiyar rijiya gaba biyu. Mai kilomita 50, rijiya gaba biyar da rabi, wato kusan mita 10. Mai kilomita 60 kuwa, kusan gaba takwas. Ka lura, in gudu ya ninka sau biyu, ƙarfin bugu sau huɗu yake ninkawa. Ko babur na tsaye ma, wani ya buge ka ta baya, kanka daga sama zai taho ya sami ƙasa, wannan kaɗai ya isa ya fasa ƙoƙon kai in an faɗa kan dutse ko bakin kwalbati.

Hular kwano ta gaskiya kashi huɗu ce. Akwai ɓawon waje mai tauri, shi ke baza ƙarfin bugu ya kuma hana abu mai tsini shiga. A ƙarƙashinsa akwai wani farin abu mai kauri, ɗan'uwan wanda ake tallafe rediyo ko talabijin da shi a cikin kwali. Wannan shi ne ran hular, domin shi ke murƙushewa ya shanye bugun kafin ya kai ga kai. Sai soso mai laushi da ke taɓa fata, sai kuma igiyar haɓa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sha bayyana cewa sa hula mai kyau, a ɗaure, na rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 40 cikin 100, na mummunan raunin kai kuma da kusan kashi 70 cikin 100. Rahoton hukumar na 2023 ya ce mutum kusan miliyan 1 da dubu 190 ke mutuwa a hanya kowace shekara a duniya, masu babur kuma na cikin waɗanda abin ya fi ci.

Amma a ji da kyau, hula ba laya ba ce. A gwajin da Turai ta daɗe tana yi, ana sako hular ta bugi ƙarfe da saurin da bai kai kilomita 30 a awa ba. Saboda haka wanda ya sa hula ya murɗe totur ya shiga ƙarƙashin tirela, kada ya ce hula ta yaudare shi.

INDA DOKAR TA SAMO ASALI

A watan Mayu na 1935 wani shahararren sojan Ingila mai suna T. E. Lawrence, wanda ya yi suna a ƙasashen Larabawa lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya faɗi da babur garin kauce wa yara biyu masu keke. Babu hula a kansa. Bayan kwana shida ya cika. Ɗaya daga cikin likitocin da suka duba shi, Hugh Cairns, abin ya tsaya masa a rai, ya shiga binciken raunin kai a tsakanin sojoji masu kai saƙo da babur. A 1941 rundunar sojan Birtaniya ta tilasta wa masu babur ɗinta sa hula. Jihar Biktoriya ta ƙasar Ostireliya ta mai da ita doka ga kowa a 1961, Birtaniya kuma a 1973.

A nan gida, an kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, a 1988 zamanin Janar Ibrahim Babangida, Farfesa Wole Soyinka ne shugabanta na farko. Ranar 1 ga Janairu 2009 hukumar ta fara tilasta sa hular kwano ga direba da wanda ya goya, da tarar naira 2,000 a lokacin. Waɗanda suka isa tunawa sun san abin da ya faru. Hula ta yi tsada, wasu 'yan acaɓa suka kifa ƙwarya ko tukunya ko robar fenti a ka, suka ɗaure da igiya. Har gidajen rediyon ƙasashen waje sai da suka ba da labarin. An yi dariya, bayan 'yan watanni kuma abin ya lafa, aka koma gidan jiya. Amma dokar hanya ta 2012 ta sake jaddada cewa direba da fasinja duk su sa hula. Ko ma'aikaci ya tsaya a hanya ko bai tsaya ba, kwalta dai ba ta san sassauci ba.

UZURIN DA AKE KAWOWA

Na farko zafi. Gaskiya ne, a watan Maris da Afrilu hula na sa gumi. Amma ƙasar Biyetnam ƙasa ce mai zafi da gumi, babur kuma ya fi mota yawa nesa ba kusa ba. A watan Disamba na 2007 suka tsananta dokar, cikin ɗan lokaci fiye da kashi 90 cikin 100 na masu babur suka koma sa hula. A Kigali babban birnin Ruwanda, ɗan acaɓa hula biyu yake yawo da su, tasa da ta fasinja. Ka nemi mai farin launi ko mai haske, mai ƙofofin iska, ta fi baƙa sanyi, kuma direban mota ya fi saurin hango ta.

Na biyu cuta. Nan akwai ƙamshin gaskiya. Hular da mutane da yawa ke karɓa-karɓa na iya ɗaukar ƙwarƙwata ko makero, kamar yadda askar wanzami ko matajin aro ke yi. Maganin abin mai sauƙi ne: ka mallaki taka, ko ka sa ƙyalle mai tsabta ko 'yar hular saƙa marar kauri a ciki, a riƙa wanke soson ana shanyawa. Makero ana maganinsa da kuɗi kaɗan, fashewar kai fa?

Na uku, jita-jitar da ta bazu a 2009 cewa ana yin asiri a cikin hula, in ka sa sai hankalinka ya gushe a sace ka. Wanda wannan magana ta tsaya wa a rai, shi ma ya sayi tasa, shi ke nan an rufe ƙofar zargi.

Na huɗu, wai tana toshe kunne da gani. Hula daidai kai ba ta hana jin ham, ba ta kuma rufe gefen ido. Abin da ke hana gani shi ne gilashin da ya karce ko mai duhu da dare. A sauya shi.

Na biyar, wasu kan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Haka ne. Amma ai mai wannan magana shi ne ke yi wa gonar rogonsa shinge, ya ɗora rumbu a kan duwatsu saboda gara, ya sa wa shagonsa kwaɗo biyu. Wanda ya tsare dawa da gero, bai kamata ya bar kan da ke ciyar da gida a buɗe ba. Hular zanna ko dara kuma a sa ta a jaka, in an sauka a ɗauko a kafa.

YADDA ZA KA ZAƁI HULA

Ka juya ta ka ɗaga soson ciki. In ba ka ga farin abin nan mai kauri ba, ajiye ta, kwano ce kawai. Hular magina da 'yan kwangila ba ta babur ba ce, an yi ta ne don abin da zai faɗo daga sama. Ka duba tambari: harafin E a cikin da'ira a jikin igiya alamar gwajin Turai ce, DOT a ƙeya kuma ta Amurka. Sai dai 'yan jabu ma na manna tambari, don haka ka yarda da hannunka da idonka. In ka matse gefunanta ta lanƙwashe kamar robar wanka, ko ka ji ta shafal babu nauyi, ba ta kirki ba ce. Araha ba ta ado.

Ka gwada ta a kanka. Ta kama kai ko'ina ba tare da ciwo ba. In ka girgiza kai tana yawo, ta yi maka yawa. Ka ɗaure igiya yadda yatsa biyu kawai za su shiga tsakaninta da haɓa. Hular da ba a ɗaure ba ita ke riga mai ita sauka. Mai rufe haɓa da baki ta fi kariya, domin sau da yawa fuska ce ke fara cin ƙasa.

Hular da ta taɓa shan mummunan bugu ta gama aiki, ko da ba ka ga tsaga ba, don farin abin ciki in ya murƙushe ba ya tasowa. Wannan ne haɗarin hular gwanjo, ba ka san tarihinta ba. Masu ƙerawa kan ba da shawarar a sauya bayan kamar shekara 5. Kada a rataye ta a jikin salansa, kada a wanke ta da fetur, kada a auna hatsi ko a ɗebi ruwa da ita.

SAURAN KAYA

Mu koma ga darasin 'yan wasan can. Silifas ba takalmin babur ba ne. Manomin da ke da takalmin ruwa na zuwa fadamar Galma, ko shi ya sa ya fi, sau ciki mai ƙwari kuma ya fi duka. Safar hannu na da amfani, don duk wanda ya faɗi tafin hannu yake fara kaiwa ƙasa. Da hunturu ga ƙura, da almuru ga ƙwari, gilashin hula ko farin tabarau zai tsare ido. Mai fita da asuba ko dawowa da dare ya sa riga mai ƙyalli, ya tabbata fitilar baya na ci.

Maganar marfin sarƙa kuwa ta shafe mu fiye da Turawa. Bakanike kan cire shi garin gyara, mai babur ya ce a bar shi haka. Mu kuwa masu babbar riga ne, matanmu masu zane da hijabi da mayafi. In bakin mayafi ya shiga sarƙa ko wayoyin ƙafar baya, cikin ƙiftawar ido zai naɗe ya fizgo mace ta baya, kuma ƙeya ce ke fara sauka. A mayar da marfi. Kafin a tashi, maigida ya tattare rigarsa ya zauna a kai, uwargida ta tattaro hijabinta a cinya. Hannun birki ko na kuloci da ya karye ya bar tsini, a sauya shi, kada a ce ai yana aiki. Kaya kuma a ɗaure su daidai, kada buhu ya tura direba kan tanki har ya kasa juya kan babur.

Ku kuma samari masu wasa da babur ranar ɗaurin aure ko rakiyar amarya, masu ɗaga ƙafar gaba da sakin hannu a tsakiyar jama'a, ku sani waɗanda kuke kwaikwayo a keɓaɓɓen fili suke yi, da kayan kariya, da alƙali, da likita. Titin Tudun Wada zuwa Ƙofar Doka hanyar 'yan makaranta ce da tsofaffi.

IDAN HAƊARI YA AUKU

Allah ya kiyaye, amma in kun tarar da wanda ya faɗi, kada a ɗaga shi a zaunar, kada a jijjiga shi, kada a ɗura masa ruwa. Kada a fizge hular daga kansa sai in ta hana shi numfashi, domin wataƙila wuya ya taɓu. A riƙe kai da wuya su miƙe da gangar jiki, a ɗauke shi a kan abu mai faɗi kamar ƙyaure. Inda jini ke zuba a danne da ƙyalle mai tsabta. Lambar neman agaji ta FRSC ita ce 122, kyauta ce. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 kuma ta hana asibiti ƙin karɓar mai neman taimakon gaggawa.

Abu na ƙarshe, kuma a riƙe shi da kyau. Wani zai faɗi ya suma, ya farfaɗo, ya karkaɗe riga, ya ce lafiya lau, ya tafi gida. Jini kuwa na taruwa a ciki a hankali. Duk wanda kansa ya bugu, in ya suma ko na ɗan lokaci ne, ko yana amai, ko ciwon kai na ƙaruwa, ko barci ya yi masa nauyi, ko maganarsa ta rikice, ko jini ko ruwa na fita ta kunne ko hanci, a garzaya da shi babban asibiti a wannan rana, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Wannan ba aikin mai ɗori ko mai kemis ba ne, kuma ba a jira gari ya waye.

Malam mai tambaya, a taƙaice: kayan da ka gani doka ce, hula wajibi ce gare ka da wanda ka goya ko kana gudu ko ba ka gudu, cutar da ake tsoro kuma sabulu da ƙyalle sun ishe ta. Ka auna kuɗin hula da kuɗin hoton kai da jinyar wata guda da iyalin da za su zauna babu mai nema, ka ga wanne ya fi sauƙi. Da fatan ka gamsu.

Masu sauraro, a ci gaba da aiko da takardu, a rubuta tambaya ɗaya ko biyu a fili yadda za ta karantu. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A sauka lafiya.